Sati 7 kenan muna kwana muna tashi da warin masai a layinmu

Wallahi na gaji, yau dai sai na amayar da abin da ke cikina. Tun farkon Agusta bututun da ke kwashe ƙazantar layinmu nan Tudun Wada ya rufta, wata tifa ce shaƙe da yashi ta bi ta kai bayan an kwana ana ruwa, ƙasa ta lotsa, shikenan. Dama na kankare ne tun zamanin iyayenmu, wani tsohon birkila ya ɗauko min ɓallen ya murje shi da yatsa kamar biskit, yace iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ita ke cin siminti ta ciki har rodi ya fito ya yi tsatsa. To hanya ta toshe, shi kuma ruwa ba jiranka zai yi ba, baya ya dawo. Hajiyar da gidanta ke gangare ta banɗaki yake ɓullo mata har tsakar gida, tsohuwa da ciwon ƙafa tana jera buhunan yashi a ƙofar ɗaki. Masallaci ma sai mun tattare riga muna taka bulo ɗaiɗai kafin mu shiga.

Mun kai kuka wajen hukuma da takardar mai unguwa, sawu 4 na yi da ƙafata. Ku dawo Litinin, oga ya yi tafiya, ba a saki kuɗi ba. Ranar da suka ga dama sai ga su da katafila, har muna ta sa albarka, suka haƙe wajen, aka ɗau hoto, aka ce gobe za a kawo sabon bututu. Goben nan har yau! Yanzu rami ne da zai shanye mutum a tsaye, cike da baƙin ruwa, ko igiya ba a zagaye shi da ita ba, kuma ta gefensa 'yan Islamiyya ke wucewa. Haba jama'a, ai gara da ba su taɓa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, katafilar ta tsage fayif ɗin famfo kuma yana nan kwance cikin ƙazantar, duk sanda aka ɗauke ruwa sai ya zuƙi na ramin, in an dawo da shi mu tara a bokiti mu kai wa iyali. Ƙaramar 'yata kwana 2 tana amai da gudawa, sai da aka yi mata ƙarin ruwa leda 3.

Eh na yarda mu ma da namu, ledar fiya wata da famfas da ake antayawa a lambatu ba aljanu ke zubawa ba. Amma leda ce ta haƙa rami ta gudu?

Kowane gida ya ba da dubu 5 muka yi hayar injin jan ruwa, fetur kaɗai ya cinye kuɗin, kuma ina muke turawa, cikin lambatun da zai gangara da shi Kogin Kaduna inda ake kamun kifi ana ban ruwan lambu. Da muka ce to mu sayi bututun da kanmu a zuba tsakuwa a shimfiɗa a rufe, sai aka ce kar wanda ya kuskura ya taɓa, aikin gwamnati ne. Daren jiya an ɗauke wuta wani ɗan acaɓa ya afka ciki, shi dai mun jawo shi da kwagiri, mashin ɗin yana can ƙasa har yanzu.