Ƙanƙara muka je gani, ba jirgi ba

Tun da muka dawo daga Alaska, jihar Amurka da ke can arewa mai nisa, a ƙarshen watan Yuli nake gardama da ƙanina, kuma har yau babu wanda ya sakar wa ɗan'uwansa. Mako guda muka yi a kan ruwa, a lokaci guda, amma kowa da jirginsa. Ni da iyalina da mahaifiyarmu mun tashi daga Vancouver ta Kanada. Shi kuma da nasa iyalin suka tashi daga Seattle ta Amurka a wani katafaren jirgi na wani kamfanin daban, mai tafkin ninƙaya da wuraren wasan yara har a kan rufinsa. Yana nan a kan cewa ya fi ni cin riba. Ni kuwa cewa nake ya biya kuɗin ganin ƙanƙara, ya ƙare da kallon jirgi.

Yawancin masu kwatanta kamfanonin nan suna farawa ne daga abinci, da faɗin ɗaki, da yawan wasannin dare. A ganina wannan gurguwar kwatance ce. Abin da ya raba tafiyarmu da tasu takardar izini ce, wadda ba a nuna ta a hoton talla.

Gandun Glacier Bay, inda kogunan ƙanƙara suke gangarowa daga tsaunuka har bakin teku, yana ƙarƙashin hukumar kula da gandun daji ta Amurka, kuma manyan jirage biyu kacal take bari su shiga a rana. Ba kowane kamfani ke da izinin ba. Holland America da Princess, waɗanda suka daɗe a wannan hanya kuma dukkansu na rukunin Carnival ne, su suka fi kowa yawan damar shiga. Wasu kamfanonin suna da tasu ƴar dama, wasu ba su da ita sam. Saboda haka jirage biyu za su iya ɗaukar kwana bakwai iri ɗaya, su tsaya a garuruwan Juneau da Skagway da Ketchikan iri ɗaya, amma ɗaya ya kai ka cikin gandun, ɗayan ya wuce ta bakinsa.

Ranar da muka shiga, da sanyin safiya wani ƙaramin jirgi ya matso kusa da namu, jami'an gandun suka hawo ta tsanin igiya alhali jirgin bai tsaya ba. Su suka yini suna bayani ta lasifika. Daga bakinsu na ji cewa a 1794, lokacin da tawagar George Vancouver, wani jami'in sojan ruwan Birtaniya, ta ratsa yankin, wannan mashigin da muke tafiya a cikinsa kusan duk ƙanƙara ce ta cike shi. Da John Muir, wani mai nazarin halittu, ya zo a 1879 ta riga ta ja baya nesa, yau kuma ta ja fiye da mil 60. Wato duk ruwan da muka yini a kai, shekara ɗari biyu da ƴan kai da suka wuce ba ruwa ba ne. Asalin ƙasar ta mutanen Huna Tlingit ce, waɗanda ƙanƙarar ta kora daga gidajensu lokacin da take kan gangarowa.

Wajen hantsi muka isa gaban Margerie, ɗaya daga cikin kogunan ƙanƙarar gandun. Bango ne na ƙanƙara mai faɗin kusan mil guda, fari a sama, shuɗi a cikin tsagoginsa kamar an zuba masa bula. Matuƙin ya rage injin, ya bar jirgin yana juyawa a hankali domin kowane ɓangare ya samu gani. Muka yi kusan awa guda a wurin. Abin da hoto ba ya ɗauka shi ne ƙarar. Sai ka ji wani tsagewa kamar harbin bindiga, ka waiga ba ka ga komai ba, can sai wani yanki mai girman gida ya ɓalle ya afka cikin ruwa, rugugin ya biyo baya. Hajiya tana zaune a kujera, an lulluɓe ta da bargo biyu a kan mayafinta, ga shayi a hannu ya huce ba ta sani ba. Ba ta ce komai ba sai "Allahu Akbar", sau uku, a hankali. Da na ce mu koma ciki saboda sanyi, cewa ta yi, "Kai dai ka koma in ka gaji."

Su ƙanina kuwa an rubuta musu za su shiga wani siririn mashigi mai kogin ƙanƙara a ƙarshensa. Da suka kai rabin hanya, tarin gutsattsarin ƙanƙara ya cike ruwan, matuƙi ya juya. Ban ga laifinsa ba, domin rai ya fi kallo, kuma an rubuta a sharuɗɗan tikiti cewa hanya tana iya canjawa. Amma wanda ya sayar da tafiyar da hoton bangon ƙanƙara a shafin farko ya san sarai irin wannan juyawar ba baƙon abu ba ne a waɗannan mashigai. Ƙanƙarar da suka gani sosai ita ce Mendenhall, a bayan garin Juneau, wadda mota ce take kai mutum, mu ma mun gan ta.

Sai dai ban isa in ce ba shi da hujja ba. "Yaya," in ji shi, "ƴaƴanka sun yi minti nawa suna kallon ƙanƙarar taka?" Gaskiya ba su kai ashirin ba, suka fara tambayar yaushe za a ci abinci. Nasa kuwa sai da aka yi da gaske kafin su yarda su sauka daga jirgi ranar ƙarshe. Mai ƙananan yara da ke neman hutu kawai, jirgin ƙanina ya fi masa. Amma irin wannan jirgin ana samunsa a tekun Karibiya, cikin ɗumi, ba sai an sayi rigunan sanyi ba. Wanda ya niƙi gari har Alaska, ai ba silalo ne ya kai shi ba.

Akwai wani abu da ya kusa kayar da mu duka. Da farko ƙanina ya so Hajiya ta bi su ta Seattle, a tunaninsa bizar Amurka da ta zo da ita daga Najeriya ta wadatar. Ashe wata dokar Amurka ta 1886 ta hana jirgi mai tutar ƙasar waje yawo da fasinja tsakanin tashoshin Amurka zalla, shi ya sa jiragen Seattle suke yada zango a Kanada, galibi a Victoria, ko da na ƴan awoyi ne. Mai fasfon da ke buƙatar bizar Kanada sai ya nemo ta, ko da ba ya da niyyar taka ƙasa. Da muka gane haka sai muka nema mata da wuri, tunda kuma an samu, tashi daga Vancouver ya fi: jirgin yana bi ta tsakanin tsibirai inda ruwa yake kwance, yayin da yawancin na Seattle suke zagayawa ta buɗaɗɗen teku. Matar ƙanina ta yi kwana guda a kwance saboda jiri.

A batun kuɗi kusan duk kanwar ja ce. Farashin talla somin-taɓi ne. A kansa akwai harajin tashoshi, da kuɗin ihsanin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, da intanet, da kowace fita a gari, kamar jirgin ƙasan White Pass na Skagway. Naman halal kuma sai an nema tun kafin tafiya. Mu dai kifi muka dogara da shi, Alaska kuwa ba ta rowar kifi.

Juneau ce ta ɗan sanyaya mini jiki. Gari ne mai mutum dubu 30 da ƴan kai, babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran duniya, amma fasinjojin jirage sama da miliyan ɗaya da rabi suke sauka a cikinsa a shekara. Tun 2024 aka taƙaita manyan jirage zuwa biyar a rana, kuma a shekarar ne mazauna suka kaɗa ƙuri'a kan hana jirage zuwa ranar Asabar, shawarar ba ta yi nasara ba. Da na ga yadda muka cika musu titi, sai na fahimci waɗanda suka kawo ta. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ba na ɗokin jirgin da ya fi kowa girma.

Abu guda da muka yi tarayya a kai ni da ƙanina shi ne rikicewar salla. Rana tana kaiwa wajen ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, kafin ka gama barcin kirki asuba ta yi. Alƙibla kuma a can arewa take, ga jirgi yana ta sauya fuska. Daren farko na shimfiɗa wa Hajiya darduma yadda waya ta nuna, ta dube ni ta dubi wayar, ta ce, "Yau kuma gabas ta koma arewa?" Sai da na buga wa ƙanina ya tabbatar mata haka tasa wayar ma ta nuna, sannan ta tayar da kabbara.