Karayar Aaron Ramsey da yadda muke jinyar 'yan ƙwallo a gida

Ranar 27 ga Fabrairun 2010, a filin Stoke City, ɗan bayan Stoke Ryan Shawcross ya shiga wa Aaron Ramsey na Arsenal da ƙafa. Ƙafarsa ta dama ta karye ƙasa da gwiwa, ƙashi biyu a lokaci guda: babban ƙashin ƙwauri da siririn da ke gefensa. Shekarunsa 19. Wannan yaron ɗan Wales shi ne ya ci wa Arsenal ƙwallon da ta ɗauki kofin FA a 2014 a kan Hull, ya sake yi a 2017 a kan Chelsea.

Magoya baya a gida kan ce ai likitocin Turai ne suka dawo da shi. A ganina tiyatar ita ce ɓangare mafi sauƙi a lamarin. Irin wannan karaya yawanci ana zura dogon ƙarfe ne a cikin ɓargon ƙashin, a ɗaure shi da kusoshi sama da ƙasa, kuma a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ma akwai likitocin da suka san aikin. Bambancin yana cikin watannin da ke biyo baya.

Ƙashin ƙwauri kan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ya haɗe. Kafin nan naman cinya da na sha-raɓa sun zube, idon sawu ya sanƙare. Shi ya sa a nan Birtaniya masu gashin ƙashi ke fara motsa ƙafar tun kwanakin farko. Daga nan sai taka ƙasa da sanduna, sai keke da tafiya cikin ruwa, sai gudu a miƙe, sai juyi da birki, sannan a ba shi ƙwallo. Karo da abokan wasa shi ne na ƙarshe. Ba a wuce mataki sai hoton ƙashi ya nuna haɗuwa, an kuma gwada ƙarfin ƙafar da na 'yar'uwarta.

Dubi jerin lokacin. Sai a Nuwamban 2010 Ramsey ya buga wa ƙaramar ƙungiyar Arsenal, wata tara bayan karayar. Duk da haka kocin Arsenal Arsène Wenger bai jefa shi Firimiya ba. An ba da shi aro ga Nottingham Forest, sannan Cardiff City inda ya taso, don ya saba da karo. A Maris 2011 ya koma buga wa Arsenal, kocin Wales Gary Speed kuma ya ba shi kyaftin ɗin Wales yana ɗan shekara 20. Ko a hakan, bai koma ganiyarsa ba sai kakar 2013/14, kuma tsagewar naman cinya ta yi ta binsa har ya tafi Juventus a 2019.

A gida fa? Yaro ya karye a wasan unguwa, a ciccibe shi ƙafa na reto, a nufi gidan mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, suna gyara ƙananan karaya da dama. Amma suna aiki ba hoto, kuma ƙwauri wuri ne mai haɗari: yana kumbura sosai, in aka tamke shi da kara da tsumma jini ya daina gudana, nama ya mutu, ƙarshenta a yanke ƙafar. Ciwon da ke ƙaruwa bayan ɗauri, ko yatsu su yi sanyi su mutu, alama ce a kwance nan take a tafi asibiti. In ƙashi ya huda fata kuwa, aikin wanki ne a ɗakin tiyata da allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'o'i.

Wanda ya tsira daga wannan, da ya ga yana takawa sai ya ɗauki takalmi, domin ba mai biyansa yana zaune. Ramsey albashinsa bai tsaya ba, shi ya ba shi damar haƙuri. Kafin ƙungiyoyinmu su yi zancen na'urori, su fara rubuta a kwantiragi wa zai biya kuɗin tiyata da gashi, da albashin wata nawa ɗan wasa zai karɓa yana jinya.