Man rake ba ya tsayawa da ƙafarsa sai da mai saye

Duk mai son kafa masana'antar man da ake tatsa daga amfanin gona, ya fara sanin wa zai saya kafin ya nemi inji. Abin da ya faru a Brazil ya ishe mu hujja.

Bayan tashin farashin fetur na 1973, gwamnatin sojan ƙasar ta ƙaddamar da shirin Proálcool a 1975. Ta ba masu masana'antar rake bashi mai sauƙi, ta wajabta gauraya itanol, wato man da ake tatsa daga rake, da fetur, sannan ta ɗora wa kamfanin man gwamnati na Petrobras saye da rarrabawa. Tun rake bai nuna ba, mai masana'anta ya san kasuwarsa na jiransa.

Duk da haka sun yi tuntuɓe. Wajen 1989 sukari ya yi tsada, fetur ya yi arha, masana'antu suka karkata ga sukari. Masu motocin da itanol kaɗai suke sha suka riƙa yawon gidajen mai ana ce musu babu. Mutane suka guji irin motocin, har sai 2003 da aka fito da waɗanda ke shan kowanne. Yanzu direba kan tsaya gaban famfo, ya dubi farashin biyu, ya zaɓa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tuƙar rake. Abin da mu muke tofarwa, su ƙona shi suke yi su samar wa masana'anta wuta, rarar su sayar wa layin lantarkin ƙasa. Ruwan da ya saura bayan tacewa kuma ya koma gona a matsayin taki. Daga kara ɗaya ana cin riba ta ƙofa uku ko huɗu, shi ya sa faɗuwar farashin ɗaya ba ta kashe kamfani.

Najeriya ta fitar da manufarta kan irin wannan mai a 2007, da burin gauraya itanol kashi 10 cikin 100 a cikin fetur. Amma wa zai zuba jarinsa ya yi gogayya da fetur mai tallafi? An cire tallafin a Mayun 2023, wannan uzurin ya kau. Saura doka mai haƙori da za ta tilasta wa dillalan mai gaurayawa, da yarjejeniyar saye ta shekaru da mai masana'anta zai kai banki. Kuma a fara da rake da ɓawon rogo, domin rogon kansa gari ne a kwanon talaka.