Murfin roba ba ya hana ƙarfen takalmin ƙanƙara tsatsa

Masu wasan zamiya kan ƙanƙara da yawa a Kanada sun ɗauka barin murfin roba a ƙarfen takalmi (ƙarfe mai kaifi da ke ƙarƙashin takalmin, wanda ake zamiya a kansa) bayan wasa yana hana tsatsa. Da dalilinsu, tunda murfin yana kare kaifin idan ana taka siminti. Abin da ke damuna shi ne, murfin ne ma ke jawo tsatsar, domin ruwa yana taruwa cikin robar, ƙarfen ya kwana a jiƙe.

Gogewa sau ɗaya ma ba ta isa. Ƙarfe mai sanyi yana gumi a ɗaki mai ɗumi, kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji. A goge da tsumma, a bari sanyin ya sake shi, a sake gogewa, sannan a sa masa murfi na yadin tawul, a bar jakar takalmin a buɗe.