Babba a gaban mota, ƙarami a baya da mai zubar jini

Jiya da daddare aka ɗauko wani matashi daga Kwangila a Zariya, mota ta kaɗe shi a kan babur, cinya a karye, jini ya jiƙa wandonsa sharkaf. Da motar asibiti ta tsaya a ƙofar sashen gaggawa, daga kujerar gaba babban ma'aikacin ya fito, waya a kunne. Ƙaramin shi kaɗai aka bari a baya da marar lafiya.

Nas ta ce, "Ƙarfe nawa aka ɗaure cinyar nan?" Babban ya ce, "Tambayi yaron can." Ƙaramin ya ce, "Oga, tun a hanya na faɗa maka awon jininsa ya sauka ƙasa da 90, ka ce in bari mu iso." Ya daka masa tsawa: "Kai har ka isa ka koya mini aiki?" Mahaifiyar matashin ta durƙusa tana kuka: "Ɗana, don girman Allah ku duba shi." Ya ce, "Mama, na kawo shi, nawa ya ƙare. Je ki yanko kati."

Wallahi bai ƙare ba! Duk marar lafiyar da ke tsakanin rai da mutuwa, wanda ya fi horo ne ke zama da shi. Ƙarami zai danne rauni, ya tallafe wuya, ya sa oksijin, ya riƙa auna jini da bugun zuciya duk minti biyar. Neman jijiya, ƙarin ruwa da allurar kashe zafi na babba ne, kuma ko ya wakilta ƙarami, alhakin yana wuyansa. Ɗaurin tsayar da jini dole a rubuta lokacinsa, domin in ya haura awa biyu ƙafar na iya salwanta. Sannan a miƙa wa nas baki da baki: abin da ya faru, raunin, awon ƙarshe, abin da aka ba shi. Ko ɗaya babban bai yi ba.

Shekara nawa muna ganin wannan a Zariya? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ƙin duba mai buƙatar gaggawa ko da wane dalili, ta ware wa gaggawa kashi 5 cikin 100 na asusun lafiya a matakin farko. Amma gwamnati hoton ƙaddamar da mota ta sani. Wa ke bin sawun wanda ya zauna a baya? Wa ke leƙa tukunyar oksijin? In rai ya tafi, ƙaramin nan za a ɗora wa laifi, dangi kuma a ce musu kwana ne ya ƙare.