Kada ka yaudari kwamfutarka don manhaja ta tashi

'Yan uwa masu harkar Linux, akwai wata shawara da ake ba sababbin shiga wadda take ɓata mini rai. Mutum ya harhaɗa manhaja da hannunsa daga rubutunta na asali, tana aiki lafiya, sai ya sabunta tsarinsa zuwa Ubuntu 22.04, ta ƙi tashi, tana cewa ba ta ga libssl.so.1.1 ba, wato laburaren OpenSSL, fayil ɗin da manhajoji ke dogaro da shi wajen ɓoye bayanai. Sai wani ya ce masa ai abin mai sauƙi ne, ya yi ln -s (umarnin da ke ba fayil wani suna na biyu) ya laƙaba wa sabon laburaren, libssl.so.3, wancan tsohon suna. Wallahi wannan cutarwa ce.

Lambar da ke ƙarshen sunan laburare tana da aiki. Masu laburaren suna canza ta ne idan sabuwar siga ba ta dace da manhajojin da aka harhaɗa da tsohuwar ba. OpenSSL 3.0 ta fito a watan Satumba na 2021, aka daina kula da 1.1.1 a Satumbar 2023. Idan ka canza suna, ka sa wa baƙo rigar mai gida ne kawai. In ka yi sa'a manhajar ta ƙi tashi nan take. Da wasu laburaren kuwa za ta tashi, ta riƙa faɗuwa a inda ba za ka taɓa zargin wannan dabarar ba. Maganin shi ne ka sake harhaɗa ta da laburaren da ke kan tsarinka yanzu.

Abin da nake roƙo shi ne mu koya wa mutane karanta saƙon kuskure. Kuma na farko za a karanta, ba na ƙarshe ba, musamman idan an harhaɗa da umarnin make -j, domin ayyuka da yawa suna tafiya tare, ainihin dalilin yana can sama an binne shi.

Inda aka fi rikicewa shi ne nan: allo ya ce "openssl/ssl.h: No such file or directory", mutum ya rantse cewa yana da OpenSSL. Gaskiya ya faɗa, yana da ita. Amma Debian da Ubuntu suna raba laburare gida biyu. Akwai ƙunshin da manhaja ke buƙata don ta yi aiki, akwai kuma wanda ke ɗauke da fayilolin .h da ake buƙata lokacin harhaɗawa, shi ne mai -dev a ƙarshen suna. Wato libssl-dev yake nema. A Fedora sunansa openssl-devel. Ba sai ka yi ta canki-canka ba: apt-file search zlib.h zai nuna maka zlib1g-dev, a Fedora kuma dnf provides yana yin wannan aikin. Idan manhajar tana cikin ma'ajiyar tsarinka, apt build-dep zai kawo duk abin da ake buƙata a harhaɗa ta, muddin ka kunna layukan deb-src, masu nuna wa apt inda rubutun asali na manhajoji yake.

Wani lokaci laburaren yana nan, fayilolin .h suna nan, amma ./configure, mai duba tsarinka kafin harhaɗawa, ya dage cewa babu. To, buɗe config.log. A ciki za ka ga ɗan gwajin da ya yi da dalilin faɗuwarsa. Sau da yawa pkg-config, mai nemo inda laburare yake, shi ne bai ga fayil ɗin .pc mai ɗauke da bayanin laburaren ba saboda an girke laburaren a /usr/local, sai a nuna masa wurin da PKG_CONFIG_PATH. Idan kuma an gama harhaɗawa ne sannan ta ƙi tashi, ldd zai jero maka abin da ya ɓace, ldconfig kuma ya sabunta jerin laburaren da tsarin ya sani.

Wanda ya fi damuna ma shi ne rashin da ba ya tsayar da aiki. Harhaɗa Python ba tare da libssl-dev ba, za ta kammala, har ka girke ta. Can kusa da ƙarshen rubutun da ya wuce a allo ta ambaci sassan da ta tsallake, amma wa ya tsaya karantawa? Sai ranar da pip, mai girke ƙunshin Python, ya kasa sauko da komai saboda babu ssl.

Ku kuma masu rubuta manhaja, da laifinku a ciki. Rubuta "sai ka yi make" a README bai isa ba. Ku jero laburaren da ake buƙata, da mafi ƙarancin siga, da sunan ƙunshinsu a Debian da Fedora, sannan ku gwada umarnin a kan sabon tsari wanda ba a girke masa komai ba, domin naku ya daɗe da tara abubuwan da kuka manta kun sa.