Mai son barin ƙwaya, likita ya kamata ya nema

'Yan'uwana matasan Katsina da Daura, maganata yau da wanda ya gaji da ƙwaya ne yana neman mafita, da kuma abokansa na majalisa masu ba shi shawara. Shawararku ce take ba ni tsoro. Yaro ya ce zai bar tiramol, kwana biyu jikinsa ya ɗau rawa, zufa na keto masa, ga gudawa, barci ya ƙaurace. Sai wani ya ja shi kemis a ba shi diyazefam ko a soka masa allurar fenta (fentazosin) wai don ya samu sauƙi. An raba shi da ubangida ɗaya, an damƙa shi ga wani.

Doka ba ta bai wa mai kemis wannan hurumin ba. Irin waɗannan magunguna sai likita mai rajista ya rubuta, mai harhaɗa magani mai lasisi ya bayar. Tiramol ɗin da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100; wancan mai 225 da ake ɓallowa a lungu haramtacce ne tun daga tushe. Maganin tari mai kodin kuwa tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Likita ne ya san wanda za a rage wa a hankali da wanda sai an kwantar, domin ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam da roci idan jiki ya saba da su aka yanke rana ɗaya, suna iya jawo farfaɗiya.

Na san abin da ke hana da yawa zuwa asibiti: tsoron kada a miƙa su ga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da kunyar a ce an gan su a sashen masu taɓin hankali. Gaskiya ne dokar NDLEA tana da zafi, mallaka ko shan irin su hodar ibilis da tabar wiwi laifi ne mai kai mutum gidan yari. Amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa likita riƙe sirrin majinyaci, ba ya fallasa shi sai da yardarsa, ko umarnin kotu, ko wani dalili da doka ta ambata. Ita kanta NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran hali.

Iyaye ma su ji. Ba mu manta Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Daura da Katsina, aka fito da samari ƙafafunsu duk tabon sasari. Galibi iyayensu ne suka kai su da kuɗinsu, da kyakkyawar niyya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta haramta azabtar da majinyaci da wulaƙanta shi. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma bulala ba ta cire ƙishin ƙwaya daga jiki.

Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ga na Barnawa a Kaduna. Idan ka je, ka faɗa wa likita ainihin abin da kake sha da yawansa, har da wanda kake haɗawa, kada ka rage don kunya. Da abin da ka faɗa zai auna maganin da zai ba ka.